Ungozoma a Kan Fosta

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa motar da za ta ɗauke ki gobe ta sauke ki lafiya. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da aka tura ki aiki, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk matar da za ki tsaya a kanta. Abbanku yana gaishe ki, ko da yake ga shi can a falo yana jin labarai, ke kuma kina ɗaki kina ɗaure kaya. Na san za ki yi dariya ki ce Umma ta tsufa, ana gida ɗaya tana rubuta wasiƙa. Yi dariyarki. Shekaranjiya na gwada yi miki maganar nan da baki, kina danna waya kina cewa "to Umma, to Umma," na tabbata ko rabinta bai shiga ba. Zan cusa takardar a jakarki, ki karanta idan kin sauka kin huta.

Kin gaya mini cewa matar ɗan takarar majalisa na can ta riga ta kira ki a waya, tun ba ki taka garin ba. Ta ce za su yi wa asibitin da za ki yi aiki fenti, ranar kuma suna so ki tsaya da farar rigarki, ki rungumi jariri, ki yi 'yar magana a ɗauke ki a bidiyo. Kika ce mini, "Umma, hoto ne kawai fa, kuma ai asibitin za su gyara." Tun da kika faɗi haka hankalina bai kwanta ba. Abin da nake tsoro ɗaya ne. Kada wata rana ki duba mace ki ce mata cikin nan naki da matsala, ki tafi babban asibiti, mijinta ya ce ƙyale ta, maganar 'yan siyasa ce. Ungozoma da maganarta take aiki kafin hannunta, idan aka daina yarda da ita sai ta zauna tana kallo ana asarar rai. Ni an taɓa daina yarda da tawa a wani gida, kuma da ƙafata na kai kaina. Duk tsofaffin unguwar nan sun san labarin, ke ce dai ba ki taɓa jin sa daga bakina a jere ba.

Kina 'yar mitsitsiya lokacin da sojoji suka ce za su koma bariki, ba za ki tuna ba. Mu da muka daɗe ba mu ga zaɓen da aka bari ya kai ƙarshe ba, sai muka zama kamar yaran da aka tasa daga makaranta. Gari ya waye kawai katangun Gyadi-Gyadi sun cika da fuskoki. Daga bakin titi har lungunan Darmanawa ba bangon da aka ƙyale, hatta darbejiyar ƙofar gidan nan sai da aka liƙa mata mutum. Motoci masu lasifika suna wucewa tun hantsi, yara suna bin su a guje. A cikin masu neman kujerar majalisar jiha akwai wani da ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa. Abbanku ne ya raɗa masa Mai Murmushi, don a kowace fosta haƙoran nan suna waje fes, kai ka ce tallan man goge baki yake yi.

Kuskurena na farko waƙarsa ce. Wallahi Ummi waƙar nan ta yi daɗi, har yau in na tuna ta sai ƙafata ta motsa. Kalangu ne da 'yan amshi mata masu zaƙin murya, ana sa ta a rediyo kafin labarai da bayan labarai. Ban san lokacin da ta shige ni ba. Ina wanke-wanke ina yin ta, ina yi wa jariri wankan farko a asibiti ina yin ta ƙasa-ƙasa, uwar tana kwance tana ji na. Wata rana Abbanku ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Binta, shi wannan mutumin naki me ya ce zai yi in ya hau?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai amshin waƙar ya zo mini. Da na zauna na bi ta baiti-baiti, abin da ke ciki shi ne ɗan wane ne, jikan wane ne, ya gaji kyauta, kuma maƙiyansa za su mutu da baƙin ciki. Shi ke nan. Abbanku ya yi ta dariya har da tari, ni kuma na yi fushi na ce ai shi ma nasa gwanin ba hadisi aka rera masa ba.

Don haka idan talla ya yi miki daɗi a kunne, ki cire masa kiɗan, ki maimaita wa kanki abin da ya ce da magana irin ta yau da kullum, ki ga me ya rage. Ku naku ma ya fi namu, mu sai mun kunna rediyo, ku kuwa yana aljihunku yana bin ku har banɗaki. Kuma ko wace waƙa ce ta kama ki, ki bar ta a ƙofar asibiti tare da takalmin waje.

Na biyu shi ne anko, kuma shi ya ja sauran. Kin san Hajiya Larai ta bayan gidanmu. A lokacin ita ce shugabar matan jam'iyyar Mai Murmushi a unguwa. 'Yarta ta haihu a hannuna, aka fitar da ankon suna, aka aiko mini da nawa a leda. Kin dai san garin nan. Idan aka aiko miki da anko ba shawararki ake nema ba. Ki ƙi ɗinkawa, a shekara ana cewa Sista ta fi ƙarfin mutane. Ban ko buɗe ledar ba na ce wa 'yar aiken ta ce na gode. Sai da yamma na warware atamfar, na ga fuskar Mai Murmushi jere a jikinta, kowace da alamar jam'iyyarsa a ƙasa. Anko da kowa ya san saye ake yi, wannan kyauta aka raba shi gida-gida, amma ko hakan bai sa na tsaya na yi tunani ba.

Na ɗauka na kai wa telana, Malam Habu na Unguwar Gano, wanda ya daɗe yana yi mana ɗinki. Shi kuma ashe ɗaya ɗan takarar ya riƙe, riƙo ba na wasa ba. Kaset ɗin waƙar nasa gwanin na tashi a shagon daga safe har magariba, yana taka keke yana kaɗa kai. Ya warware atamfar, ya dube ta, ya dube ni.

"Sista, almakashina ba zai taɓa fuskar mutumin nan ba," in ji shi. "Ko da yake in tsinka ta kike so a yi, wannan zan iya."

Na ce, "Haba Malam Habu, ankon suna ne fa, ba katin jam'iyya ba."

Ya ce, "Ke kika san anko ne. Wanda ya gan ki a titi bai san da suna ba."

Kada ki ɗauka hangen nesa ne ya sa shi faɗin haka. Da fuskar nasa gwanin ce a jiki, da har aiki zai yi mini a wuya. Amma maganar gaskiya ce ko daga bakin wa ta fito, ni kuma zuciya ta ɗebe ni. Na fizge atamfata na ce ba shi kaɗai ne tela a Kano ba. Matarsa Zulai tana tsaye a bakin zaure tana jin mu, ta sunkuyar da kai don kunya. A lokacin tana zuwa awo wurina, cikinta na fari ne bayan ta yi shekaru tana jira.

Aka ɗinka mini a wani wuri. Ranar da na gwada, Abbanku ya zagaya ta bayana ya ce, "Yanzu a kan fuskar bawan Allah za ki zauna?" Na ce masa ya fita harkata. Ranar suna ina aikin safe, ban samu na dawo gida ba, sai na ɗaura zanin ankon da na tafi da shi a ƙasa, farar rigar aikina tana sama, na wuce gidan Hajiya Larai. Ina shiga aka yi ta guɗa, ga Sista, ga mai karɓar haihuwa, aka miƙo mini jaririn. Akwai wani mai hoto yana zagayawa, na ɗauka na suna ne. Ya ce in ɗan ɗago kai, na ɗago, har da gyara ɗaurin ɗankwali.

Ba a jima ba na fito zan tafi aiki na ga kaina a bango. Ni ce riƙe da jariri, farar riga a sama, fuskar Mai Murmushi a zanina, wata babbar fuskar tasa kuma a samana tana haskawa. A gefe an zana wani gini mai kyau da furanni a gabansa, ginin da ba a taɓa aza masa bulo ko ɗaya ba. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Ɗakin haihuwa a unguwarku, ku tambayi Sista. Ki lura da wayon. Ba su ce na ce komai ba, balle in ce sun yi mini ƙarya. Turo mini mutane kawai suka yi.

Na je wurin Hajiya Larai da niyyar faɗa. Ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta ce, "Haba Sista, ba ke ce kullum kike kukan ba gado, ba ruwa, ba fitila ba? To ga wanda zai gina miki. Ki taimaki matan unguwa mana." Sai na fasa faɗan, don gaskiya ne ina son ɗakin nan kamar me. Na sha karɓar haihuwa a kan benci. Amma tunda na ce zan gaya miki komai, bari in ƙara da wannan. Hoton ya yi kyau, Ummi. Ban taɓa fitowa a hoto na yi kyau haka ba, har yau. Idan na zo wucewa ta gabansa sai in rage sauri. Wannan ne ya fi hana ni in sa a yage shi, ba matan unguwa ba.

Mata kuwa suka yi abin da fosta ta ce. Ranar awo, ina ɗaura wa mace abin gwada jini a hannu, sai ta rage murya ta ce, "Sista, shi za mu yi?" Ni kuma don kada in ce e, kada in ce a'a, sai in yi murmushi in ce, "Allah dai ya zaɓa mana mafi alheri." Ina ganin na kuɓuta ke nan. Ashe a wurinsu amsa ce cikakkiya. Wadda take kan fosta ta yi murmushi ta yi addu'a, me kuma ake nema? Su koma gida su gaya wa facaloli da maƙwabta cewa Sista ta ce shi ne. Wannan irin amsar tamu ta kunya, wadda muke gudun ɓata wa kowa rai da ita, ta fi lasifikar motarsu yi musu aiki.

Kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba shin kujerar da yake nema ma ta gina ɗakin haihuwa ce? Abbanku ne ya ce mini ɗan majalisa doka yake yi, in ya yi ƙoƙari ya yi magana a sa aikin a kasafi, amma ba shi ke riƙe da siminti ba. Na ce ya cika ƙaƙale. To ke ki zama mai ƙaƙale. Duk alkawarin da kika gani a takarda, ki fara duba ko kujerar tana da hannun da za ta cika shi.

Ranar zaɓe muna layin mata a makarantar firamare, rana tana dukanmu. Wata tsohuwa da ke gabana, wadda na karɓi haihuwar jikokinta, aka miƙa mata takardar ƙuri'a. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, sannan ta ɗaga murya ta ce wa malamin zaɓe, "Yaro, nuna mini ta Sista." Layi ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Sai da na dawo gida na zauna sannan na gane abin da ya faru. Matar nan ba ta san Mai Murmushi ba, ko a hanya ta gan shi ba za ta gane shi ba in bai buɗe haƙora ba. Ni ta sani. Ta san na taɓa tsayawa a kan surukarta har Allah ya sauke ta lafiya. Wannan yardar, wadda na daɗe ina tarawa gida-gida, ita aka ɗauka aka liƙa a bango, kuma ni na miƙa. Mai Murmushi ya ci zaɓe, kowa ya ce ƙuri'ar mata ce ta kai shi.

Yanzu bari in koma kan Zulai, don saboda ita na ɗauki biro. Ana sauran 'yan kwanaki zaɓe, samarin Mai Murmushi suka bi Unguwar Gano da bokitin koko suna liƙe-liƙe. Don tsokana suka liƙa fostata a ƙofar shagon Malam Habu, a kan ta nasa gwanin. Ya fito ya yage ta a gabansu. Magana ta yi magana, suka shiga shagon suka kifar da keken ɗinkinsa, kan keken ya tsage. Mutumin da ba shi da wata sana'a sai wannan. Ba ni na aike su ba, ban ma ji ba sai daga baya, amma fuskata ce a ƙofar.

Kafin wannan rigimar, a awon Zulai na ƙarshe, na lalubi cikin na ji ɗan a gicciye yake kwance. Na sake dubawa don in tabbatar. Na ce mata, "Zulai, saurare ni da kyau. Wannan ba haihuwar gida ba ce. In ya juya kafin lokaci, alhamdu lillahi. In bai juya ba, da kin ji ciwon farko ki aiko mini, mu wuce asibitin koyarwa." Ta ce to. Ta je ta gaya wa mijinta, shi kuma ya ce ai ya san za a rina, maganar fosta ce. A tsorata mata a ce ba za su iya haihuwa a ɗakinsu ba, don su je su dangwala wa mai gina ɗakin haihuwa. Ya ce uwarsa a gida ta haife shi. Ya hana ta zuwa awo, ya yi rantsuwa ungozomar jam'iyya ba za ta taka masa zaure ba.

Na ga Zulai ta daina zuwa. Na sani sarai, don duk ranar awo sai na duba benci ban gan ta ba. Tsakanin asibitinmu da gidansu tafiyar ƙafa ce. Amma labarin abin da ya kira ni ya iso kunnena, na ce ni ce ungozomar jam'iyya? To in ya huce ya aiko. Wannan shi ne mafi munin kurakuraina, kuma ba fosta ce ta sa ni ba, girman kai ne. Ummi, idan mace mai irin wannan cikin ta daina zuwa, ki sa takalminki ki je. A zage ki a zaure, ki tsaya a gama zagin, sannan ki sake faɗin abin da ya kawo ki.

Bayan zaɓe da 'yan makonni, wata ranar da ba na aiki, na idar da sallar la'asar ke nan sai ga Iya, mahaifiyar Malam Habu, ta faɗo gidan nan ko sallama ba ta gama ba. Tsohuwa ce mai jiki, mayafinta a hannu, tana haki.

"Sista, don girman Allah ki zo. Tun asuba yarinyar nan take abu ɗaya. Mun kira mai karɓar haihuwa ta gargajiya, ta yi iya yinta, yanzu ta ce ba nata ba ne."

Na ce, "Tun asuba, Iya? Tun asuba?"

Ta ce, "Ya hana a kira ki. Satar jiki na yi."

Ban san yadda na isa Unguwar Gano ba. Na tarar da shi a zaure a tsaye, idanunsa sun yi ja, ga alama shi ma tsoro ya gama cinye shi, amma rantsuwa ta riƙe masa wuya. Ya ce, "Iya, ba na ce kada matar nan ta shigo mini gida ba?"

Na ce, "Malam Habu, gobe ka tara mutane ka zage ni, wallahi ba zan tanka ba. Yau dai matsa mini."

Bai motsa ba. Sai muka ji Zulai daga ciki, ba ihu ba, wani nishi ne ƙasa-ƙasa wanda duk ungozoma ta san ma'anarsa. Iya ta dube shi ta ce, "Habu, in ka tare ta, ban yafe maka ba duniya da lahira." Sannan ya jingina da bango, na wuce.

Ina ɗaga zanin na ga hannun jaririn ya riga ya fito. Ke yanzu kin yi karatun, ba sai na yi miki bayani ba. Na fito na ce a nemo mota. Shi da kansa ya ruga titi ba takalmi ya taro tasi, shi ya ɗauko ta a hannu ya sa a baya. Likitocin asibitin koyarwa sun karɓe ta a guje, sun yi duk abin da ɗan Adam zai iya. Aka ceci Zulai. Yaron ya riga ya koma, namiji ne. Mahaifar ta tsage, dole aka cire ta don a tsayar da jini. Ni aka ba wa yaron a naɗe in miƙa wa ubansa. Ya karɓa da hannu biyu.

Na san rai na Allah ne, kuma ba wanda yake wuce kwanansa. Na yi imani da haka. Amma Allah ya sa wa komai sababi, kuma na san da a ce maganata tana da nauyin da take da shi kafin in hau bango, da tun da safe muna asibiti. Malam Habu yana da nasa kason, waƙar nasa gwanin ta toshe masa kunne kamar yadda tawa ta toshe mini. Nasa tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ni nawa nake gaya miki.

Ɗakin haihuwa kuwa ba a gina ba. Filin da aka ce za a yi shi, yanzu wankin mota ake yi a wurin. Mai Murmushi ba mu sake ganinsa ba sai da wani zaɓen ya zagayo, ya dawo bango da hotonsa na da, ya fi shi kansa ƙuruciya. A wannan karon limamin wata unguwa aka sa a gefensa.

To ga abin da nake so ki yi. Idan kin sauka, ki je ki gaishe da matar ɗan takarar nan har gida, da kayan gida, ba da farar riga ba. Ki yi mata godiya sosai. Ki ce mata aikinki bai yarda ki fito a tallan kowa ba, kuma uwarki ma ta hana ki. Ki ɗora mini laifin, na iya ɗauka. In sun yi fenti, Allah ya saka musu, su ɗauki bangon a hoto. Za ta ji haushi, wataƙila a yi miki 'yan ƙananan mugunta, a ce sabuwar Sista tana da girman kai. Ki jure, wannan yana wucewa. In an aiko miki da anko, ki buɗe ledar tun 'yar aiken tana tsaye. In mai hoto ya ce ki ɗago kai, ki tambaye shi na wane ne. In mata sun ce miki wa za mu yi, kada ki yi irin murmushina. Ki ce musu a fili, "Ni awo na sani. Ku je ku tambaye shi me ya taɓa yi, ku tambayi ɗayan ma." Ban ce kada ki yi zaɓe ba. Ki yi, haƙƙinki ne, mu mun san zaman da ba a tambayar mutum ra'ayinsa. Ki shiga ki dangwala wa wanda hankalinki ya kwanta da shi, ki fito ki rufe bakinki. Ina so ya zama a garin nan ba gidan da za a yi shawara kafin a kira ki.

Saura abu ɗaya. Bayan an sallamo Zulai na je duba ta a gida. Wannan karon ba wanda ya tare ni, Malam Habu yana ganina ya tashi ya bar zauren. Na same ta a kwance ta rame, an yi mata 'yar shimfiɗa a bakin ƙofa tana shan iska. Na zauna, na yi mata gaisuwa, na rasa ta inda zan fara neman gafara. Ita ce ta riga ni. Ta leƙa ta ga ba kowa a tsakar gida, ta kamo hannuna ta rage murya.

"Sista, kada ki gaya wa Malam. Ni ma mutuminki na dangwala wa. Da na gan ki a fostar nan riƙe da jariri, sai na ce in an gina ɗakin, a hannunki zan haihu a ciki."

Ban taɓa gaya wa Malam Habu ba har ya bar duniya. Zulai tana nan, in mun haɗu a gidan biki ita take fara gaishe ni, ni kuwa har yau ban iya haɗa ido da ita sosai ba.

Allah ya kai ki lafiya, Ummi. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya rufa miki asiri, ya sa duk ƙofar da kika ƙwanƙwasa a buɗe miki ita da wuri. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. In kin sauka ki kira, ko Abbanku ya samu ya zauna wuri ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Binta.